Ampilin Malam Bukari da Bafil Bakwai

Dapaong, farkon Sha'aban

Zuwa ga taubashina Alhaji Mahama mai gyaran rediyo, Sarkin Kuramen Sokode.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da gwiwar nan taka mai ƙorafi. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da ya iso tun ba a gayyace shi ba. Maigida Malam Bukari ya warware daga ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi bara. Yana cin tuwo, yana zuwa masallaci, amma murya ba ta dawo ba. In yana magana a tsakar gida sai an matso kamar za a yi gulma.

Da kana jin waya da na huta da biro. To ka ƙare ƙuruciyarka kana cusa kai cikin bafil, wato lasifika, yanzu ko ganga aka buga maka sai ka ce wa ke sallama. Shi ya sa na ba Nourou direba wannan takarda.

Maganar ampilin nan ce, injin ƙara murya da ka kawo mana shekarar da aka haifi 'yarmu Munira, mai rediyo a jikinsa da fuska mai koren haske, wanda ka haɗa wa makirfo don tafsirin Malam. Jiya muka kunna shi gwaji saboda azumi ya matso. Ba a jima ba na ɗora hannu a kansa, na ji kamar tandar masa. Ga wari kamar an manta dutsen guga a kan riga. Gefen hagu kuma yana ɗaukewa yana dawowa.

Kada ka ce a sayi sabo. Munira ta aiko da wani daga Lome, Malam ya ja aya biyu a ciki ya ce a kashe, wai muryarsa ta koma ta mai magana cikin garwa. Ya ce tsohon nan ne ya san muryarsa. Ya kuma ce mini in wannan ya mutu to alama ce, sai ya naɗe buzunsa ya bar wa yara tafsiri. Mahama, na san mutumin nan. Shekara guda yake yi yana jiran watan nan. In ya naɗe buzu, ban san abin da zai riƙa tashinsa da safe ba.

Ka faɗa mini abin yi, ban da dogon labari.

Taubashiyarka,
Salamatu

Sokode, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Hajiya Salamatu, Uwar Zongon Dapaong, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba sai in tana barci.

Amin wa alaikis salam. Takardarki ta same ni lafiya, gwiwa ma ta ce a gaishe ki. Na yi murna da jin Malam Bukari ya miƙe. Allah Ya ƙara sauƙi. Kuruntata kuwa ni'ima ce, tun da na same ta ba wanda ya sake zagina.

Kin ce ban da dogon labari. Kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, kin kuwa san a gidan nan ko gishiri aka aiki mutum ya karɓo sai ya fara daga Annabi Nuhu. Amma zan yi ƙoƙari.

A cikin ampilin nan akwai wasu baƙaƙen abubuwa biyu, kowanne kamar yankan sabulu, an ɗaure su a jikin wani ƙarfe mai haƙarƙari. Modil muke ce musu. Ɗaya na dama, ɗaya na hagu. Su ne ke ɗaukar muryar Malam, 'yar ƙarama, su ba ta ƙarfi su tura ta cikin bafil. Su ne masu daka, sauran kayan ciki duk masu miƙa tsintsiya ne. Mai daka dole ya yi gumi, shi ya sa aka yi masa haƙarƙarin ƙarfe ya sha zafin, aka kuma huda murfin sama don zafin ya fita.

Yanzu bari in yi duba ba tare da ƙasa ba. Akwai ƙyalle a kan ampilin nan. Fari ne, mai aikin allura a gefe, wataƙila har da kwanon turare a bisa. Ban taɓa shiga gidan Zongo na ga abu mai daraja tsirara ba. Ku mata in kuna ƙaunar abu sai kun lulluɓe shi. To ki cire. Shi wannan girmamawarsa a bar shi ya sha iska. Ki janye shi daga bango, ki ɗaga shi a kan katako biyu, ki juya masa fanka. Kafin a kunna a mayar da murya ƙasa tukuna. Kada kowa ya taɓa wayoyin baya yana kunne, don in gashin waya ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa, kafin ki ce subhanallahi an gama.

Ki saurara da kyau a nan. Masu ƙera modil ɗin nan sun daina tun tuni. Waɗanda ke kasuwa suna ne kawai a fuska, ciki hoto. Na taɓa sa wa wani mutumin Adjengré ɗaya ranar Juma'a, wata Juma'ar ya dawo mini da ampilinsa a buhu. Biyun da ke cikin naku su ke nan. In sun tafi ba ni da inda zan samo.

Sai tambaya. Bafil nawa ke rataye a bayansa? Ni biyu na bari, na zaure don maza, da na ɗakinki. Ƙarfinsa biyu ne a kowane gefe, iyaka ke nan. Warin da kika ji ba na ƙyalle kaɗai ba ne. Ki ƙidaya ki gaya mini gaskiya, ba irin ƙidayar da kike yi wa shekarunki ba.

Ki gaishe da Malam.

Naki,
Mahama

Dapaong, bayan nisfu Sha'aban

Alhaji Mahama, boka mai duba daga nesa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Malam yana amsawa, ya fara bitar littattafansa da hantsi.

Ƙyallen shuɗi ne, ba fari ba, don haka dubanka da saura. Na cire. Yanzu ampili yana zaune tsirara a kan katako, fanka na yi masa fifita, mu masu rai muna gumi.

Bafil kuwa bakwai ne. Kafin ka ɗaga gira ka ji yadda aka yi. Inna Ummi, uwar Awal mahauci, idonta ya rufe, ƙafa kuma ta ƙi. Gidansu katanga ɗaya da namu. Awal ya zo ya durƙusa ya ce a ja mata waya ɗaya ta riƙa jin karatu daga gadonta. Wa zai ce a'a? Da aka ja mata, matar liman ta aiko da goro ta ce ita ma. Daga nan mai koko ta bakin rijiya, da Hafsatu da ke takaba a lokacin, ta fita takaba waya ba ta fita ba. Na ƙarshe gidan wata Bamoba ce, 'yar ƙabilar ƙasar nan, da ta musulunta, tana jin nauyin shiga cikin mutane. Rachid ɗan mai koko, da ke aikin kuran, wato lantarki, shi ke murɗa kowace sabuwar waya a kan ta da. Huɗu a hagu, uku a dama.

Ka san zamanmu. Abin da ya shiga Zongo na kowa ne, balle karatu. In na aika a kwance wayar wata, na ce mata ke ce ba ki kai ba. Har jikokinmu sai sun gaji maganar. Malam bai san akwai matsala ba, shi murnarsa muryarsa tana shiga gidaje. Ban gaya masa ba, don in ya ji zai ce a kwance duka a huta, ka kuwa san abin da ke bayan wannan.

Kai ne mai sana'a. Ka nemo dabarar da ba sai na ɓata da kowa ba. In kuwa kunne ya tafi da basira, ka faɗa mini in nemi yaro.

Salamatu

Sokode, ƙarshen Sha'aban

Hajiya Salamatu.

Gaisuwa da fatan za mu ga watan lafiya. Ni da gwiwa muna nan, mun shirya.

Bakwai. Na karanta na ajiye takarda na sha ruwa na sake ɗauka, suna nan bakwai.

Kakata takan ba mu labarin wani bafatake mai jaki ɗaya, mutumin kirki, da zai tashi daga Didawure zuwa arewa. Maƙwabci ya ce ga 'yar jakar goro ka kai wa ƙanena, ba nauyi. Wata ta ce ga ɗan ƙullin kanwa. Wani ya kawo tabarma, ai tabarma iska ce. Kowa ya yi gaskiya, kayansa ba nauyi. Jaki bai ce komai ba, don ba a tambaye shi ba. A hawan dutsen Alejo ya durƙusa bai tashi ba. Da labari ya dawo gari, kowa ya ce Allah sarki, ni dai nawa ba shi ya kashe shi ba.

Ga dabara. Yadda Rachid ya murɗa su, duk bafil ɗin sun sa baki a ƙwarya ɗaya suna zuƙa lokaci guda, modil yana ɗebo musu har numfashinsa ya ƙare. Ki ce masa ya jera su bibbiyu kamar ayari, waya ta shiga wannan ta fita ta shiga na gaba, sannan ta komo gida. Na zana masa a bayan takardar nan, zai gane. Murya za ta ɗan ragu a kowane gida, amma nauyi zai sauka, kuma ba wadda za a kwance. Sharaɗin dai gefe biyun su kasance da rai su raba kayan. A yi wannan kafin ranar farko. Kada a ja aya ɗaya sai an yi.

Zan ba Nourou da hannuna gobe a tasha.

Mahama

Dapaong, goman farko na azumi

Alhaji Mahama.

Barka da shan ruwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu muna nan.

Kullum ina aikawa tasha, ba takarda, ba Nourou. Na sa an kira ɗanka a waya, aka ce yana Lome. Na zauna na tuna abin da na rubuta maka a ƙarshe, maganar kunne da basira. In ita ce ta ɓata maka rai, tun muna yara nake faɗa maka wadda ta fi ta, ba ka taɓa yin zuciya ba. Ban san tsufa ya sa fatarka ta yi laushi ba. Ka yi haƙuri.

Da na ji shiru na ce wataƙila fanka ta isa. Aka fara tafsiri bayan la'asar yadda aka saba. Kwana biyu lafiya. Rana ta uku zafi ya yi zafi, matar liman ta aiko a ƙara murya, Rachid ya murɗa. Malam yana tsakiyar Baƙara sai muka ji ɗan ƙara kamar an taka busasshen ganye, wari ya tashi, hagu ya yi shiru. Bai dawo ba. Gida huɗu suka rasa karatu, har da Inna Ummi. Aka ce mini ta yi ta lalubar bafil ɗinta tana bubbuga shi.

Malam ya ƙarasa da gefen dama. Da ya shigo ya tsaya ya daɗe yana kallon ampilin. Da aka sha ruwa dabino ɗaya ya ci.

Yanzu masu hagu kullum suna aiko yara. Rachid ya ce abu mai sauƙi ne, a kwashe huɗun a murɗa su a dama tare da ukun. Na ce ya dakata in ji daga gare ka. Ba zan iya riƙe su da daɗewa ba. Na ba wani direban Gando wannan.

Salamatu

Sokode, ranar da takardarki ta iso

Salamatu.

Lafiya lau nake, kuma ban yi fushi ba. Wanda bai ji zagi da kunne ba, a takarda ne zai ji? Na amsa miki tun kafin a ga wata. Yanzu na je tasha aka ce mini uwar Nourou ta rasu, daga hanya ya juya Mandouri, takardata tana aljihunsa. Allah Ya jiƙanta.

Kada Rachid ya murɗa ko waya ɗaya a dama. Ko ukun da ke kai sun yi yawa. Dabarar da na aiko ta gefe biyu ce, yanzu ta wuce. In aka jera bakwai a gefe ɗaya, da muryar Malam yadda take, ba gidan da zai ji abin kirki. In aka murɗa su yadda Rachid ke so, ba za a kai Ali Imrana ba.

Biyu, Salamatu. Na juya abin ta kowace fuska, ba ni da wata dabara. Ɗaya na zaure ne. Ɗayan ke za ki zaɓa, ni ba zan iya zaɓa miki daga nan ba.

Mahama

Dapaong, kwana kaɗan bayan Salla

Zuwa ga taubashina Alhaji Mahama.

Barka da Salla, Allah Ya maimaita mana. Muna lafiya. Takardunka biyu sun iso a rana ɗaya, ta jaki da ta bayanta. Nourou ya kawo tasa duk ta yi laushi da gumi, yana ta ba da haƙuri. Na yi masa ta'aziyya.

Na karanta taka ta ƙarshe da hantsi, na zauna da ita har azahar. Duk wadda na ɗauko a raina in ce a kwance, sai in ga fuskarta. Da na rasa wadda zan fara da ita, sai na tuna akwai bafil ɗaya da ba sai na nemi iznin kowa ba. Na kira Rachid na ce a kashe ampili, ya kwance na ɗakina, ya ɗaura wayar Inna Ummi a gurbinsa. Ya ce Hajiya, ke da gidanki? Na ce ya naɗe wayar da kyau, ya bi da ita ta ƙofar gida inda kowa zai gani.

Da la'asar ta yi na ɗauki tabarmata da carbi na fita. Shekara da shekaru ban taɓa jin karatun Malam a wajen ɗakina ba. Mai koko tana bakin rijiya, ta ce ina zuwa da tabarma. Na ce gidan Inna Ummi, jin tafsiri, ampili ya tsufa ba ya iya ɗaukar mu duka. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ranar mu biyu ne, ni da tsohuwa, ampili yana ɗauke da uku, ina jin karatu rabin hankalina yana wajen wari. Washegari mai koko ta shigo da tabarmarta, ta ce ta sa ɗanta ya kwance nata, kunya ba za ta bar ta ta kishingiɗa a ɗaki matar Malam tana tsakar gidan wasu ba. Daga ranar gefen dama ya koma bafil biyu. Hafsatu ta biyo, ta jawo Bamobar nan da hannu. Matar liman ta yi kwana biyu tana ciwon kai, rana ta uku ta zo da kujerarta, ta zauna gaba, ta ce daman bafil ɗinta bai taɓa yin kyau ba. Awal ya kafa mana rumfa. Inna Ummi ta sa aka fito da gadonta, tana gane kowa da tafiyarsa, tana yi wa masu gyangyaɗi tsiya. Wai ita makauniya ce amma tana jin minshari.

Kullum in an tashi sai na je na ɗora hannu a kan ampili. Ɗumi kawai, kamar goshin yaro mai lafiya.

Ranar da aka sauke, Malam ya ɗaga hannu yana addu'a, muryar nan tasa siririya. Da can kowace tana amsawa ita kaɗai a ɗakinta, ba mai ji. Ranar kuwa mun haura ashirin, da 'ya'ya da surukai, katanga ɗaya tsakaninmu da zaure. Da ya kai gaɓar farko muka ce amin gaba ɗaya. Sai bafil ya yi shiru. Na ce shi ke nan, gefen dama ma ya tafi. Ina shirin miƙewa sai muka ji numfashinsa a ciki, ya yi gyaran murya, ya ci gaba.

Da ya shigo shan ruwa ya ce, "Su wa ke bayan katanga?"

Na ce, "Masu jinka ne, Malam. Sun daɗe suna nan."

Ya ci tuwonsa har ya nemi ƙari. Jiya na same shi yana sa alama a inda zai tsawaita bayani baɗi in Allah Ya kai mu.

Zanenka na ayari yana nan na adana. Ga dambun nama na ba Nourou, in ya iso da shi.

Taubashiyarka,
Salamatu

Sokode, cikin Shawwal

Hajiya Salamatu, Uwar Zongo.

Barkanmu da Salla. Dambu ya iso, an taɓa shi kaɗan a hanya, na yafe. Gwiwa tana gaisuwa.

Na karanta takardarki a bakin shago, maƙwabcina tela ya ce me ya shiga idona. Na ce hayaƙin dalma ne, alhali ban kunna komai ba tun safe.

Saura aiki ɗaya. Tsakanin modil da ƙarfensa akwai wani farin mai da ke miƙa zafi, na san ya bushe ya zama alli. Ki aiko da ampilin in wanke shi, in sa masa sabo, in duba abin da ya gaji a ciki, in raba mataccen gefen da kuran don kada ya ja mai rai. Hagu ba zai dawo ba, amma gefen dama in aka riƙe shi a kan biyun nan zai iya binne ni. Kada a sa shi a bayan mota tare da buhunan doya. A cinyar mutum zai zo, kamar jariri.

Shuɗin ƙyallen nan kuma yanzu ranarsa ta zo, ki naɗe shi da shi saboda hanya. Ki ce wa Malam Bukari baɗi in da rai zan zo. Ba zan ji komai ba, amma a ajiye mini wuri a jikin katangar.

Naki,
Mahama